Babi na Shida: Idan Gwamnati Ce Mai Taurin Bashi

A lokuta da dama cikin 2025, 'yan kwangila na cikin gida sun yi cincirindo a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya da ta Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Abuja, riƙe da kwalaye, suna neman a biya su kuɗin ayyukan da suka ce sun kammala a ƙarƙashin kasafin 2024. Duk wanda ya saurari irin wannan taƙaddama, a Abuja ne ko a babban birnin wata jiha, zai ji harshe iri ɗaya. Masu bin bashi suna roƙon a dube su da idon rahama, jami'ai suna ba da haƙuri suna cewa ana kan tantancewa, mutanen gari kuma ko a jikinsu, don a ganin da yawansu ɗan kwangila ɗan lelen gwamnati ne da ya saba cin banza, yau kuma ta juya masa baya. Dukkansu sun yarda da abu guda ba tare da sun furta ba, wato biyan ɗan kwangila alfarma ce da mai mulki yake yi idan ya ga dama. Doka ba ta ce haka ba. Daga ranar da aka auna aiki aka tabbatar an yi shi yadda aka rubuta, kuɗin ya zama bashi a wuyan gwamnati, daidai da bashin da ke wuyan ɗan kasuwar da ya karɓi kaya bai biya ba. Abin da ya hana wannan haƙƙi kai mai shi ga kuɗinsa shi ne yadda aka gina shi. Doka ta ba ɗan kwangila haƙƙi, sannan ta bar wa wanda ake bi bashin ikon cewa yaushe kwanaki za su fara ƙirguwa, nawa jinkiri zai ci masa, da kuma ko za a taɓa asusunsa bayan kotu ta yanke hukunci.

Dokar da ta fi shafar batun ita ce Dokar Sayen Kayayyaki da Ba da Kwangilolin Gwamnati ta 2007, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, kwanaki kaɗan da hawansa mulki. Ita ce ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin tarayya. Sashe na 37 na dokar gajere ne, kuma babu kwana-kwana a cikinsa. Ya wajabta a biya kuɗin aiki da kaya a kan kari. Ya ce duk kuɗin da ya wuce kwana sittin ba a biya ba, daga miƙa takardar neman biya da takardar ƙimanta aiki da tabbatarwar ma'aikatar da ta ba da aikin, ya shiga sahun biyan da aka jinkirta. Ya ce irin wannan kuɗi zai haifi ruwa a kan adadin da aka rubuta a takardar kwangila, ya kuma wajabta kowace kwangila ta ƙunshi sharaɗin tarar jinkiri. Akwai wani tanadi da ya fi wannan nauyi, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Sashe na 16 ya hana ma'aikata ƙulla kwangila sai aikin yana cikin kasafin da aka amince da shi, kuma sai ta tabbatar akwai kuɗin da za a biya. Sashe na 58 kuma ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba, babu zaɓin tara, haɗe da kora daga aiki, ga jami'in da ya saɓa wa dokar. Wanda ya karanta waɗannan sassa kaɗai zai ɗauka babu ɗan kwangilar tarayya da zai kwana da bashi.

Matsalar farko tana cikin kalmar tabbatarwa. Kwana sittin ɗin ba sa fara tafiya sai ma'aikata ta tabbatar da aikin, sashen kuma bai ɗora mata wa'adin yin hakan ba. A ɗauki mutumin da ya gina ajujuwa shida ko kwalbati a wani ƙauye. Ya gama, ya rubuta takarda yana neman a zo a duba. Sai injiniyan ma'aikata ya samu mota da mai da sukuni ya je, wani lokaci ma ɗan kwangilar ne zai ɗauki nauyin tafiyar, abin da shi kansa ƙofa ce ta ɓarna. Injiniya ya auna, ya rubuta satifiket, fayil ya tafi wajen darakta, daga nan sashen sayayya, sai odita na cikin gida, sai akanta ya yi baucha, sai babban sakatare ya sa hannu, sannan a jira Ma'aikatar Kuɗi da ofishin Akanta Janar su saki kuɗin. A kowane tebur fayil yana iya kwana wata guda ba tare da kowa ya karya wata ƙa'ida da aka rubuta ba. Kafin a kai ƙarshe shekara ta juya, takardar shaidar biyan haraji da ta hukumar fansho da sauran takardun da ake nema sun ƙare aiki, sai a ce wa mutum ya sabunta su tukuna. Haka zai yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi, alhali a idon sashe na 37 ko kwana ɗaya ba a jinkirta masa ba. A nan ne ake gane bambancin tsarin FIDIC, wanda manyan kamfanonin gine-gine da bankunan raya ƙasa suke aiki da shi a duniya. A bugunsa na 1999, injiniya yana da kwana 28 ya fitar da satifiket, mai aiki kuma yana da kwana 56 ya biya, dukkansu ana ƙirga su ne daga ranar da takardar ɗan kwangila ta shiga hannun injiniya. Agogon yana tashi da abin da mai bin bashi ya yi, saboda haka jan ƙafar wanda ake bi ba ya tsayar da shi.

Matsala ta biyu ita ce adadin ruwan. Dokar ba ta yanke shi ba, ta bar shi ga takardar kwangila, takardar kuwa ma'aikata ce take rubuta ta. Ƙaramin ɗan kwangila ba ya zama a yi ciniki da shi kan sharuɗɗa. Ana miƙa masa wasiƙar ba da aiki da yarjejeniyar da aka riga aka buga, ya sa hannu yana godiya, don akwai mutum ashirin a bayansa da za su karɓa idan ya tsaya tambaya. Idan gurbin ruwan jinkiri ya zo babu komai, to ya shiga tsaka mai wuya, domin kotunan Najeriya ba sa ba da ruwa na lokacin da ya gabaci hukunci haka kawai. Tun shari'ar Ekwunife da kamfanin Wayne a 1989 Kotun Ƙoli ta tsayar da cewa sai an nuna tushensa, ko a yarjejeniya, ko a al'adar kasuwancin da aka kawo hujjarta, ko a wata ƙa'ida ta doka. Ruwan da ke biyo bayan hukunci kuma galibi kashi 10 cikin 100 ne a shekara. A auna wannan da kasuwa. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, a Disamba kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. A misalta aikin naira miliyan 100 da mai shi yake sa ran ribar miliyan 15, ya ciwo bashin miliyan 60 daga banki a kan kashi 30 a shekara. Ruwan bankin miliyan ɗaya da rabi ne duk wata. A wata na goma ribar ta ƙare ƙaf, daga nan uwar kuɗi ake ci, sai gidan da aka jingina. Wannan lissafi bai ma taɓo faɗuwar naira ba, wadda ta tashi daga kusan 460 a kan dala kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ta yadda bashin da aka riƙe a tsakanin lokutan biyu ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na darajarsa ga mai sayen kayan da ake shigowa da su. Gwamnatin da ta biya bayan shekara biyu ba tare da ƙarin sisi ba ta biya ƙasa da abin da ta ci, kuma ta san haka.

Wasu ƙasashe sun toshe wannan kafa ta hanyar cire adadin daga hannun ɓangarorin. A Birtaniya dokar 1998 ta yanke kashi 8 a saman ma'aunin Bankin Ingila. A Amurka dokar biya a kan kari ta 1982 ta sa hukumomin tarayya su ƙara ruwan jinkiri da kansu, ba sai ɗan kwangila ya nema ba. Indiya, a dokarta ta ƙananan masana'antu ta 2006, ta sa wa'adin kwana 45 da ruwa ninki uku na ma'aunin babban bankinta. Batun dokar Amurka na cewa ba sai an nema ba shi ne ƙashin bayan lamarin, don mutumin da abincinsa yake hannun ma'aikata ɗaya ba zai rubuta mata wasiƙar neman tara ba yana kuma fatan ta kira shi baɗi.

Mutum zai ce to ya ajiye aikin mana har a biya shi. A ƙa'idar kwangila da Najeriya ta gada daga Ingila, rashin biya a kan lokaci bai ba ɗan kwangila damar tsayar da aiki kai tsaye ba, sai in yarjejeniya ta ba shi. Wanda ya kwashe ma'aikatansa ba tare da wannan sharaɗi ba yana iya wayar gari shi ne mai laifi: a soke kwangilar, a karɓe kuɗin lamunin da bankinsa ya tsaya masa, a ci shi tarar jinkiri, a sa sunansa cikin masu gudu su bar aiki. Tsarin FIDIC ya ba da damar dakatarwa bayan sanarwar kwana 21, shi ya sa babban kamfani yakan janye injinansa daga hanya cikin natsuwa har a sasanta, ƙaramin ɗan kwangila kuwa sai ya ci gaba da zuba kuɗin aro. Nauyin kuma ba a kansa yake tsayawa ba. Mai siminti da mai rodi sun ba da kaya a kan amana, mai tifa ya zuba yashi, birkila da kafinta da lebura sun yi aikin mako-mako an ce su dakata. Babu ɗayansu da yake da yarjejeniya da gwamnati, don haka babu wanda zai iya kai ta ƙara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: an yanke ƙyalle an buɗe gini, an ɗauki hoto, leburan da ya ɗauki kwanon kankare bai ga ladansa ba.

A kotu, gaskiya, matsayin ɗan kwangila ya fi yadda mutane suke zato ƙarfi. Lauyoyin gwamnati sun daɗe suna fakewa da dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ce a shigar da ƙara cikin wata uku ko a rasa dama, amma Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa ga shari'o'in kwangila. Ta yi haka a 1974 a rikicin Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa da wani kamfanin gine-gine na Italiya, ta kuma nanata a shari'ar Gwamnatin Tarayya da kamfanin Zebra Energy a 2002. Wa'adin da ya rage shi ne na kowane bashi, shekara shida a Abuja da Legas, shekara biyar a wasu jihohi, kuma wasiƙar da ma'aikata ta amsa bashin a rubuce tana sabunta ƙirgar. Sauyin gwamnati ba ya kashe kwangila, domin da gwamnati aka ƙulla, ba da gwamnan da ya sauka ba. Idan adadin a bayyane yake, akwai satifiket da sa hannu, ana iya bin gajeriyar hanyar da ake bi wa bashin da ba shi da kariya, ba sai an yi doguwar shari'a ba. Tarkunan da ke hanya sanannu ne. Dokokin da suka kafa hukumomi da yawa suna neman a ba su sanarwa kafin ƙara. Akwai kuma kuskuren kotu: a shari'ar Onuorah da Matatar Mai ta Kaduna a 2005 Kotun Ƙoli ta ce rikicin kwangila zalla na Babbar Kotun Jiha ne ko da hukumar tarayya ce a ciki, kuma an sha ganin shari'ar da ta ci shekaru ta rushe a kan wannan kaɗai. Mafi muni shi ne aikin da aka karɓa da baki, ko ƙarin aikin da wani babba ya ce a yi za a gyara takarda daga baya, ko kwangilar da girmanta ya kai a nemi takardar amincewar BPP ba a nema ba, wadda sashe na 16 ya ce ba ta da inganci tun asali. Duk da haka, mai takardu cikakku yakan yi nasara.

Bayan nasarar ne ake cin karo da katanga ta uku, wadda ta fi sauran tsayi. Hanyar da aka saba karɓar kuɗin hukunci ita ce kotu ta umarci bankin wanda ake bi bashi ya riƙe kuɗinsa ya miƙa wa mai haƙƙi, abin da lauyoyi suke kira ganishi. Amma sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunce-hukuncen kotu, dokar da asalinta na 1945 ne, zamanin Turawan mulki, ya ce idan kuɗin yana hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na jami'i, ba za a ba da wannan umarni ba sai da izinin Antoni Janar. Antoni Janar kuwa shi ne babban lauyan gwamnatin da aka kayar. Ma'ana, wanda ya yi nasara zai koma wajen lauyan abokin shari'arsa ya nemi izinin karɓar abin da alƙali ya ba shi, dokar kuma ba ta sa wa lauyan ranar amsawa ba. Kafin 2015 akwai sauƙi kaɗan, don ma'aikatu suna da asusu a bankunan kasuwanci. Da gwamnatin Buhari ta tilasta asusun bai-ɗaya a shekarar, kuɗin tarayya suka koma Babban Banki, sai tambaya ta zama ko Babban Banki jami'in gwamnati ne. A ƙarshen 2017, a shari'ar Babban Banki da kamfanin Interstella kan bashin da ya samo asali daga kamfanin sadarwa na NITEL, Kotun Ƙoli ta ƙi yarda a fake da sashe na 84, tana mai lura da cewa Antoni Janar da kansa ya shiga sasancin da aka yi kan bashin, kuma Babban Banki a wannan hali ma'ajin kuɗin abokin hulɗarsa ne. An ɗauka magana ta ƙare. Sai hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara suka rabu, wasu suka bi wannan fahimta, wasu suka taƙaita ta ga yanayin waccan shari'a. Sashe na 287 na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta wa kowace hukuma bin hukuncin kotu, kuma da wuya a ga yadda wajibi zai zauna lafiya da sharaɗin neman yardar wanda aka wajabta wa.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ba duk mai riƙe da satifiket ne ya yi aiki ba. Akwai kwangilolin bogi, da farashin da aka kumbura, da rijiyoyin burtsatse da suke kan takarda kawai, da hukunce-hukuncen da aka samu da haɗin bakin lauyoyin gwamnati. Babban misalinsu shi ne kamfanin P&ID, wanda ya ƙulla yarjejeniyar iskar gas da Najeriya a 2010, bai gina komai ba, amma masu sasanci a Landan suka yanke masa dala biliyan 6.6 a 2017, kuɗin da ruwa ya kai shi kusan biliyan 11 kafin wata kotun Landan ta rushe hukuncin a Oktoban 2023 saboda an same shi ta hanyar zamba. Da babu birki, in ji su, da irin waɗannan sun kwashe baitulmali. Amsar ita ce, abin da ya ceci Najeriya a wannan shari'a hujja ce da aka kai gaban alƙali, aka nuna cin hancin da aka bayar. Wurin tace gaskiya da ƙarya ke nan: lokacin auna aiki, lokacin binciken odita, lokacin shari'a da ɗaukaka ƙara. Jinkirin da ba shi da wa'adi ba ya bambance mai gaskiya da maƙaryaci, hasali ma maƙaryacin ya fi jure masa. Wanda bai zuba ko buhu ɗaya ba ba shi da bankin da ke binsa, yana iya jira shekara biyar, kuma shi ne ya fi kowa sanin wanda ake gani a ba na goro fayil ya motsa. Duk inda biya ya zama sai an ga dama, layin biya ya zama haja, wani zai sayar da wuri a cikinsa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi: kuɗin gwamnati na jama'a ne, kuma Kundin Tsarin Mulki ya hana fitar da su sai da amincewar majalisa. Idan kowane mai hukunci zai iya ɗaure asusun ma'aikatar lafiya, albashin ma'aikatan jinya da kuɗin rigakafi suna iya tsayawa saboda bashin wata hanya. Haka ne, kuma ya dace doka ta keɓe wasu asusu da ba a taɓawa, ta kuma ba gwamnati 'yan watanni ta shirya biya. Amma wannan hujja ce ta tsara yadda za a biya, an mayar da ita hujjar ƙin biya. Cewa babu kuɗi kuma, idan aka duba sashe na 16, amsa laifi ne, domin bai kamata a ba da aikin ba tun farko. Abin da yake faruwa a zahiri shi ne ana rubuta kasafi a kan kuɗin shigar da ba za su samu ba, ana cusa ayyuka fiye da ƙarfin aljihu, a raba wasiƙun kwangila, sannan a bar 'yan kwangila su cike giɓin da kuɗin bankunansu. Wannan rance ne da gwamnati take ci ba tare da ta je majalisa ba, ba ruwa, ba ranar biya, kuma ba ya fitowa a lissafin bashin ƙasa sai ya taru ya yi yawa. Tarihi ya nuna yana taruwa. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta fitar da takardun lamuni don biyan 'yan kwangila na cikin gida. A 2011 kwamitin da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba, waɗanda ake buƙatar naira tiriliyan 7.78 kafin a gama su. A 2017 Majalisar Zartarwa ta amince da shirin biyan tsofaffin basussuka na kusan naira tiriliyan 2.7, har da na 'yan kwangila, mafi yawa ta hanyar takardun alƙawarin biya, waɗanda mai buƙatar kuɗi a hannu sai ya sayar da su da ragi. Jama'ar da ake cewa ana karewa su suke biyan kuɗin wannan ɗabi'a, domin ɗan kwangilar da ya san zai jira shekara biyu yana sa jiran a cikin farashi, ko ya rage siminti, ko ya karɓi kafin alƙalami ya yi abin da kuɗin ya kai ya tsaya.

Akwai wata damuwa da ta shafi 'yan kwangila Musulmi da yawa, wadda littattafan doka ba sa kulawa da ita: ruwan jinkiri ba riba ba ce? Tambaya ce ta gaske. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta halatta sharaɗin tara a kan ɗan kwangilar da ya makara da aiki, amma ba ta halatta shi a kan wanda ya makara da biyan bashi ba. Wasu malamai, irin su Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya, sun ga halaccin a biya diyyar cutarwar da mai hali ya jawo da taurin bashinsa, bankunan Musulunci da yawa kuma suna karɓar tarar jinkiri su ba da ita sadaka. Kowane ra'ayi mutum ya bi, bai kamata saɓanin ya zama mafaka ga gwamnati ba, don a kan asalin lamarin malamai ba su saɓa ba: mai hali da ya ja wa mai haƙƙi rai azzalumi ne, kuma alƙali yana da ikon tilasta shi, har ya sayar da dukiyarsa ya biya. Fiƙihu ya fi sashe na 84 tsanani a kan mai taurin bashi. Wanda ba ya son karɓar ruwa shi ya fi kowa buƙatar sauran kariyar, wato damar dakatar da aiki, da sharaɗin sake duba farashin kaya idan aiki ya ja lokaci ba da laifinsa ba, da biyan ɗawainiyar da tsayawar ta jawo, kamar albashin mai gadi da hayar injin da ya zauna.

Gyaran da ake buƙata ba mai yawa ba ne, kuma kowanne yana fuskantar ɗaya daga cikin katangun nan. A sa wa ma'aikata wa'adin duba aiki, in ya wuce ba ta rubuta dalilin ƙi ba a ɗauka ta tabbatar. A rubuta adadin tarar jinkiri a cikin dokar kanta, a ɗaure shi da ma'aunin Babban Banki, ya shiga baucha da kansa, a kuma cire shi daga kasafin ma'aikatar da ta yi jinkirin don babban sakatare ya ji a jikinsa. A ba kowane ɗan kwangila damar dakatar da aiki bayan sanarwa, ko yarjejeniya ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Sashe na 84 kuma, in ba za a soke shi ba, a yanke wa Antoni Janar kwanaki, shirunsa bayan haka ya zama izini. Sai a riƙa buga jerin basussukan da aka tabbatar da ranakunsu, a bi layi, kowa ya ga wanda aka tsallake. Amma ko an yi duk wannan a Abuja, rabin aikin ne. Dokar 2007 ta tarayya ce, tana bin hukumomin tarayya da ayyukan da aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗinsu daga asusun tarayya suke. Mai gina ajujuwa a Katsina ko kwalbati a Bauci galibi da gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma yake hulɗa, ƙarƙashin dokar jihar, kuma izinin taɓa asusun yana hannun Antoni Janar na jiha, wanda shi ne kwamishinan shari'a, gwamna ya naɗa shi, gwamna kuma yake iya sauke shi gobe.